Ɗunɗu biyu daga Baban Rafi

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman lakkol suna son wannan magana, masu wa'azi ma haka, iyaye kuwa ba a cewa komi. Amma a wani ƙauye da ke tsakanin Madarumfa da Gabi, kudu da Maraɗi, akwai wani tsoho wanda in anka faɗe ta gabansa sai ya yi murmushi ya kau da kai. Shi ne Sarkin Bakan garinsu, sarautar da ya gada wurin mahaifinsa. A ganinsa ɗanyen icce in an tanƙwara shi zama yake yi a tanƙware, ba ya komowa, abin da ba ya komowa kuwa ba ya tura kibiya ko taki goma. Baka busasshen icce ne wanda anka koya wa lanƙwasa, ya je ya dawo sau dubu bai karye ba, bai kuma manta da tsayuwarsa ta fari ba. Wannan koyarwa ita ce sana'ar. Sara da sassaƙa, in ji shi, ko yaron masassaƙi ya iya.

Shekarunsa sun kusa 80. Ya ga farin 1973, ya ga yunwar 1984 wadda mutanen karkara sunka laƙaba wa El-Buhari, ya ga giwayen da sunka riƙa ƙetarowa daga Nijeriya zuwa dajin Baban Rafi a shekarun 1990 suna tattake gonaki. Barewa da gada da gwanki da ya tashi yana bin sawunsu sun zama labarin dare. Abin da ya rage zomo ne da zabin daji da birin da ke ɓarnar dawa. Dokar farauta ta 1998 ta tsara abin da za a harba da lokacin harbinsa, amma kafin doka ta buɗe baki daji ya riga ya yi shiru. Sa'an nan, tun wajajen 2019, ƴan bindiga masu satar shanu da mutane sunka mai da dazuzzukan bakin iyaka mafakarsu, har ya zama mai hankali ba ya nitsawa cikin Baban Rafi don neman sanda guda. Bisa wannan duka, yanar ido ta kama tsohon. Na hagu ya rufe sarai, na dama yana rarrabe haske da inuwa, amma ba ya gane fuska.

A cikin rufin ɗakin girki, inda hayaƙi ke bi ya fita, akwai sanduna biyu na ɗunɗu da ya saro da hannunsa tun hanyar daji tana da lafiya. Kowa ya san ɗunɗu, mai ƙaya, mai furen nan rabi ja-ja rabi rawaya, wanda ke cika saura in an bar ta ba noma. Sai dai yawansa ba ya amfanin mai yin baka. Ɗunɗu icce ne mai son karkacewa, kuma samun guda miƙaƙƙe, mai tsawon kamu uku, marar tsaga, marar ramin ƙwaro, yakan ci wa mutum kwana uku yana yawo. Dargaza ta fi sauƙin samu, ta fi sauƙin hali, da ita yara ke farawa. Can kudu inda ruwa ya fi yawa da gora wasu ke yi. Shi dai ɗunɗu yake so, domin taurinsa, da kuma yadda gara ke jin nauyin cinsa. Aibinsa guda ne, ba ya yafe kuskure. Sandunan nan biyu su ne na ƙarshe, kuma tsohon ya san haka.

Wanda ya zo ya sauko da su ɗan ƙanwarsa ne, mai koyar da lissafi da kimiyya a wani kwalej na Maraɗi, mutum mai shekara 40 da ƴan kai. Duk garin Mushe suke ce masa, har kawun nasa, ko da yake a bakin tsohon sunan yana fitowa da ɗan gishirin ba'a. Mushe ya tashi a gidan yana kallon ana yin baka, bai taɓa riƙe wuƙar ba, don an kai shi lakkol yana shekara 7, daga nan kwalej, daga nan lise, daga nan Yamai. Ɗiyan tsohon maza biyu, guda ya yi arewa neman kuɗi, guda yana kabu-kabu a birni, ba wanda ya waiwayi kwari da baka. Uwar Mushe ce ta kira shi a salula ta ce masa idon kawunsa na tafiya, in da abin da yake so ya karɓa gare shi to ya zo. Ya zo da babban hutu, cikin watan Agusta, da alli a jaka, da abin awon santimita, da ma'aunin kilo mai ƙugiya wanda ya aro wurin wani mai sayen albasa.

"Ba a gyaran baka da damina, Mushe," in ji tsohon. "Icce ya sha iska mai ruwa, jikinsa ya mutu. Tsirkiya ma fata ce, ta saki. Abin da sunka faɗa maka yau, da hunturu musantawa za su yi."

"Kawu, hutuna ke nan. Farkon Oktoba muna komawa aji."

Tsohon ya yi shiru har anka zaci barci ya ɗauke shi, sa'an nan ya ce: "To, ɗauki guda. Ka bar guda."

Kada mai karatu ya ɗauka Mushe jahilin abin ne. Abin da ya sani gaskiya ne, kuma yana koyar da shi kowace shekara bisa tablo. Ya san ƙa'idar da Baturen Ingila Robert Hooke ya buga a 1678, cewa abu mai komowa, ƙarfe ne ko busasshen icce, gwargwadon ƙarfin da anka ja shi da shi gwargwadon nisan da zai bayar, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Ya san cewa in baka ya lanƙwasa, bayansa, wato gefen da ke duban abin harbi, miƙewa yake yi kamar igiyar guga, cikinsa kuwa, gefen da ke duban maharbi, matsewa yake yi. Shi ya sa ba a kai wuƙa ga baya. Ɓawo kawai ake ɓarewa a bar jijiyar icce yadda Allah ya shimfiɗa ta daga wannan kai zuwa wancan, don duk inda anka yanke ta nan ne za ta ɗaga wata rana ta tsage. Aiki duka ga ciki yake. Ya kuma san wani lissafi wanda kawunsa bai taɓa ji da lamba ba, ko da yake hannunsa ya san shi shekara 60: in an rage faɗin icce da kashi ɗaya cikin goma, ƙarfinsa kashi ɗaya cikin goma zai ragu, amma in kaurinsa anka rage da kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin da yake 100 sai ya koma 73. Sandar da ke da kaurin santimita 2, milimita 2 kacal za a kankare ta yi asarar fiye da rubu'in ƙarfinta. Dalilin da ya sa ke nan ake aje gizago tun da wuri, a koma ga aska da fasasshiyar kwalba, ana ɗebe abin da bai fi garin tuwo ba.

Masu kamyo ma sun san rabin wannan ilimi ba tare da sun shiga aji ba. Ƙarafan nan da ake jerawa ƙarƙashin mota, dogo bisa gajere, tsakiya da kauri baki da sirantaka, an yi su haka ne don nauyin buhuna ya rabu ga tsawon ƙarfen duka. Baka ma haka yake so: kauri kusa da mariƙi, inda ja ya fi tsanani, yana raguwa sannu a hankali har zuwa kai.

Don haka Mushe ya ɗauki takarda. Ya raba kowane hannu na bakan, na sama da na ƙasa, gida shida, ya rubuta kaurin da ya kamaci kowane gida, lamba tana bin lamba cikin tsari, sa'an nan ya yi kwana uku yana fere icce har ya dace da takarda. Hannu biyu sunka zama tagwaye, ko milimita guda ba ta raba su ba. Ya ja layuka da alli jikin bangon zaure, ya kafa turke, ya rataya bakan, ya ɗaura tsirkiya, ya saƙala ma'auninsa ya ja.

Icce dai bai karanta takardar ba. Gefen da ya fito daga gindi ya fi na sama nauyi da tauri ko da kaurinsu ɗaya. Ga shi kuma a hannun sama, taƙi ɗaya da rabi daga mariƙi, akwai ido, wurin da wani reshe ya taɓa fita. Jijiyar icce ba ta ratsa ido, kewaye shi take yi, don haka mai yin baka yakan bar masa tudu, ya bar nama kewaye da shi. Mushe ya daidaita shi da sauran, tun da takarda ta ce milimita 18. Da ya ja, hannun ƙasa ya tsaya ƙiƙam, na sama kuwa ya karya kwana daf da idon nan, kamar gwiwar raƙumi zai durƙusa. A nan ne ya yi kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi. Ido ya ga kusurwa, hannu kuwa yana so ya goge kusurwa, yadda kafinta ke goge bakin tebur. Ya kai aska daidai wurin ya kankare. Ya sake ja, kusurwar ta ƙara kaifi. Ya ƙara ja don ya gani da kyau, har ma'auni ya nuna kilo 25, ya riƙe a nan yana neman salularsa ya ɗauki hoto.

Tsohon yana zaune bisa tabarma. Ya miƙa hannu anka ba shi bakan, ya bi cikinsa da farcen babban yatsa, a hankali, har farcen ya tsaya. A wurin akwai wasu ƴan layuka sirara kamar gashi, sun gitta jijiyar icce. Naman wurin ne ya murƙushe don matsi ya fi ƙarfinsa, kuma abin da ya murƙushe ba ya tashi.

"Ka kashe shi, Mushe."

"Ai bai karye ba, Kawu."

"Gara da ya karye, da ka ji ƙara ka tsorata. Wagga mutuwar shiru ce."

Abin da tsohon ke kira gwiwa shi ne babban ciwon baka. Wuri guda ya fi maƙwabtansa rauni, sai ya lanƙwasa fiye da su. Da ya lanƙwasa fiye da su sai ya ɗauke musu aiki, su su zauna a miƙe suna hutawa. Aikin ya ƙara raunana shi, raunin ya ƙara jawo masa aiki, har ranar da zai faɗi. Maganin yana saɓa wa ido. Wurin da ya fi lanƙwasa, wanda ya fi jan hankali, shi ne ba a taɓawa ko kaɗan. A yi masa alama da gawayi a ƙyale shi, a je ga wuraren da sunka sandare, hagu da dama da shi, da ɗaya hannun ma, a rage musu har su karɓi rabonsu na wahala. Ma'aikacin da ya ga shekarun 1990, albashi yana makara wata da watanni, ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da ɗan tireda da mai karɓar haraji ya fi sanin ƙofar shagonsa bisa ƙofar manyan sito, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Wuƙa tana son wuri mai taushi don nan ne take shiga ba gardama. Amma wannan wata magana ce.

Mushe ya koma Maraɗi da kunya, abin kuma ya ƙi barinsa. A lakkol an koya masa Lugu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, inda a watan Afrilun 1899 mutanen Sarauniya Mangu sunka tari rundunar Voulet da Chanoine da kibau masu dafi. An koya masa cewa ƴan baka su ne ƙashin bayan dakarun ƙasa a rundunonin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kowane ɗaya daga cikin bakunan nan sai da wani ya zauna ya yi kwanaki yana kankararsa da aska, yana ja yana dubawa. Mawaƙa sun wasa mahaya da takubbansu. Tambarin ƙasar nan ma yana ɗauke da mashi da takubba biyu da zangarniyar hatsi da kan sa da rana, babu baka ciki, wataƙila don makamin talaka ne, wanda ba a saye da tsada, ba a kuma gadonsa da daɗewa tun da icce ne.

Da hutun ƙarshen Disamba ya sake hawa moto ya koma. Hunturu ya sauka, ƙura ta rufe tafkin Madarumfa. Ya tarar tsohon ya yi makonni yana shafa wa sanda ta biyu man shanu, domin iccen da ya bushe fiye da kima shi ma tsinkewa yake yi kamar kara, kuma ya gasa ta sama-sama bisa garwashi ya danne wata ƴar karkata da take da ita ta gefe, don tsirkiya in an ɗaura ta ratsa tsakiyar mariƙi. Da dare, suna shan wuta, Mushe ya ba shi labarin wani mutum da anka tsinta cikin ƙanƙara a 1991, bisa duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu shekara wajen 5,300 da sunka wuce da kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. An same shi da baka mai tsawon mita 1 da santimita 82 wanda ba a gama ba, da kibau 14, biyu kawai ke shirye. Tsohon ya jinjina kai ya ce: "Wanga korarsa anka yi. Maharbi ba shi fita da bakan da bai gama koyo ba sai in wuta ta biyo shi."

Da safe, kafin a taɓa wuƙa, ya sa anka share ƙasar zaure anka yayyafa ruwa, ya kwantar da sandar, ya ce wa Mushe ya bi gefenta da tsinke ya zana surarta. Mushe ya tambayi dalili. Dalilin shi ne babu iccen da ya miƙe kamar zare. Wani wuri an haife shi da ɗan doro, in an ja baka sai ya yi kama da gwiwa alhali ko motsi bai yi ba. Wani wuri an haife shi da ɗan komawa baya, in an ja sai ya yi kama da miƙaƙƙe alhali shi ya fi kowa wahala. Wanda ya duba surar bakan a jaye kawai zai hukunta marar laifi. Abin da ake aunawa shi ne nisan da kowane wuri ya taso daga inda yake kwance, kuma ba a sanin haka sai an riƙe surar farko. Mushe ya yi shiru, domin wannan bai zo masa a rai ba ko sau ɗaya cikin watanni huɗu da ya yi yana juya abin.

Daga nan aiki ya tafi da nawa irin wadda ke gajiyar da mai kallo. Da fari ba tsirkiya: a kafa kai guda a ƙasa, a riƙe ɗaya kan, a danna mariƙi da tafin hannu, a ji ko icce ya fara amsawa. Sa'an nan anka ɗaura igiya mai sako-sako, ana ja kaɗan, faɗin yatsa huɗu, ba ƙari. Tsohon ya ciro wani guntun kyauro, irin wanda ake yin jikin kibiya da shi, miƙaƙƙe, tsawonsa bai kai taƙi ba. Mushe yana ja, shi kuwa yana ɗora guntun bisa cikin bakan yana zamar da shi daga mariƙi zuwa kai, ɗan yatsansa yana laluben ratar da ke tsakanin kyauro da icce. Inda rata ta buɗe, wurin yana aiki. Inda ta rufe har kyauro ya kwanta, wurin ya sandare. Inda ta buɗe fiye da kima, gwiwa ce ke shirin fitowa. Sai ya ce "nan", Mushe ya shafa gawayi. Ko ya ce "nan kada ka kuskura", Mushe ya zana da'ira. An ce gani ya kori ji, amma a zauren nan ji ne ke gaba, gani yana biye da alli a hannu.

Kankara goma ce ƙa'ida, da bakin kwalba, dogayen ja masu shiga juna don kada a bar rami, har baƙin gawayin ya fita. Bayan kowace goma sai a ja bakan sau 30, a sake shi a hankali, kafin a sake aunawa, domin icce ba ya nuna abin da anka yi masa nan take. Wanda ya kankare ya duba bai ga canji ba ya ƙara, ya ƙara, to canjin duka zai zo masa a tare lokacin da ba shi da magani. Ba a kuma riƙe baka a jaye fiye da numfashi biyu ko uku. Ba a sakin tsirkiya ba kibiya, don ƙarfin da bai samu abin turawa ba cikin iccen yake komawa. Kuma muddin akwai aibin da anka gani, ba a ƙara nisan ja ko da yatsa guda sai an gyara shi.

A nan ne ma'aunin mai albasa ya samu aikinsa na gaskiya. Sun shirya bakan zai tsaya ga kilo 25, don haka ko da wane nisa ake ja, da allura ta taɓa 25 sai a tsaya. Ranar farko ta taɓa tun tsirkiya ba ta yi nisan taƙi ba. Kowace rana, da icce ya ƙara koyo, sai nisan ya ƙaru kaɗan, nauyin yana nan inda yake. A da, kafaɗar tsohon ce ke wannan awo, kafaɗar kuwa ta tsufa, takan kuma yi ƙarya in mutum ya ƙoshi ko ya gaji. Ya shafa ma'aunin ya ce: "Abin ga naka ba shi da ido, amma ba shi da son zuciya." Wannan shi ne yabo mafi girma da lakkol ta taɓa samu a bakinsa. Layukan allin ma sun yi rana, don da su Mushe ke faɗa masa ko kawunan biyu sun sauko daidai.

Daidai ɗin ma ba daidai ba ne irin na takarda. Tsohon yana barin hannun ƙasa ya ɗan fi na sama tauri, abin da bai wuce faɗin ƙwayar gyaɗa ba in an auna ratar tsirkiya da icce a gefen nan da gefen can. Kibiya bisa hannun maharbi take bi, sama da tsakiya kaɗan, hannun ƙasa ne ke shan matsi, shi ke fara gajiya. In an bar su kunnen doki yau, baɗi na ƙasa ya zama rago. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne in an saki tsirkiya kawunan biyu su iso gida tare. In guda ya riga guda, bakan zai yi harbin jaki a tafin hannu, kibiya ta fita tana rawa. Kibiyar Bahaushe kuwa ba ta da gashin tsuntsu a gindi da zai daidaita ta a iska, kyauro ne da ƙarfe mai kunne, nauyin kai ke jan ta. Yadda ta bar tsirkiya haka za ta tafi.

Ranar shida anka ɗaura tsirkiyar gaske, ta fatar akuya da anka yanka siriri anka murza anka miƙar da dutse. Ranar takwas bakan ya kai cikakken ja. Ita ma wannan sanda tana da ido, a hannun ƙasa, an bar masa tudunsa, kuma kewaye da shi akwai wajen faɗin yatsa uku da ba su lanƙwasa kamar sauran. A hoton salula wurin yana nan a fili, ɗan miƙaƙƙen layi cikin da'ira. Ma'auni kuma ya sauko, 23 yake nunawa, don gyaran kwana biyun ƙarshe ya ci kilo 2. Mushe ya ɗauki kwalba.

"Aje ta," in ji tsohon, wanda ya ji ƙarar gilashi bisa dutse.

"Kawu, saura wuri guda. Kankara biyar ta isa."

"Biyar a nan, sai ka ga na sama ya fi ƙarfi, ka ba shi biyar. Sa'an nan ka ga wani wuri. Haka anka yi bakuna da yawa sunka koma na harbin ƙadangare. Wurin ga ido ne, taurinsa shi ke tsaronsa. Bakan gizo kaɗai ke da lanƙwasa marar aibi, shi kuwa ko zomo bai taɓa kashewa ba."

Mushe ya daɗe da kwalbar a hannu. Sa'an nan ya aje.

Da la'asar sunka fita bayan gari, inda wata tsohuwar kuka take. Anka jingina buhun ƙaiƙayi a gindinta, Mushe ya ƙirga taki 25, ya juya kawunsa ya fuskanci wurin. Tsohon ya laluba kwari ya zaro kibiya marar dafi, ya ɗana, ya ja da sauri ya saki, ba tare da ya tsaya saiti ba tun da ba abin da zai gani. Tsirkiya ta yi ƙara guda, gajera. Bai tambayi inda kibiyar ta faɗa ba. Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya rufe, kamar mai sauraren wani abu a ciki, ya sake ɗana wata, har sau biyar. Biyu sun shiga buhu, uku sun wuce sun caki kuka, yara sunka ruga ɗaukowa.

A zaure ya sa anka kwance tsirkiya, anka kwantar da bakan bisa zanen nan na ƙasa, wanda ya hana kowa takawa kwana takwas. Kawunan sun bi tsirkiya da faɗin yatsa biyu, ba su koma kan layi sarai ba. Ya laluba ratar, ya ce wannan hakkin icce ne, in ta wuce yatsa uku ne ake damuwa. Ya ce a shafa mai, a rataye shi a kwance, kada a jingine shi a lungu bisa kai guda, kada kuma a bar shi da tsirkiya ya kwana.

"Wa za a ba, Kawu?"

"Wa ya kankare shi?"

Mushe ya naɗe bakan cikin tsohon zane ya ɗaure a bayan moto, don washegari da sassafe zai kama hanyar Maraɗi. Da anka kira magariba tsohon ya miƙe, ya laluba bayan ƙofa ya ɗauko sandarsa. Ɗunɗun Agusta ne. Ya sa an yanke shi daidai gwiwar, an ɗaure bakin da fata, tsawon da ya rage ya zo masa daidai kwankwaso. Ya buga ta a ƙasa sau biyu, ya nufi masallaci yana bin gindin katanga.